Daga Dandamali Zuwa Silima: Me Ya Sa Ake Biyan Kuɗi a Kalli Waƙar da Aka Riga Aka Haddace?

A watan Nuwamban 2024, ana gab da sakin fim ɗin Wicked, kamfanin AMC, wanda ya fi kowa yawan gidajen silima a Amurka, ya ja kunnen masu kallo cewa kada wanda ya rera waƙa a cikin zaure. Da gaske suke yi. Sun san da yawa daga cikin waɗanda za su cika kujerun nan sun haddace waƙoƙin tun tuni, domin tun 2003 ake yin wasan a dandamalin Broadway da ke birnin Niyok. Nan take gardama ta kaure. Wasu suka ce kuɗinsu suka biya don su ji muryar jarumai, ba ta maƙwabcin kujera ba. Wasu suka ce to ina daɗin waƙar da za a hana ka amshi? Daga ƙarshe aka raba gardama: daga ranar Kirsimeti aka ware nuni na musamman, aka rubuta baitocin a ƙasan allo, kowa ya buɗe maƙogwaro son ransa.

Abin mamaki a nan ya wuce maganar hayaniya. Fim dai da ɗokin sanin abin da zai faru yake riƙe mutum a kujera. Shi kuwa wannan nau'in, wato wasan kwaikwayon dandamali mai tafiya cikin waƙa da rawa wanda aka mayar fim, yakan tara jama'ar da suka san farkon labarin, suka san ƙarshensa, suka san inda jaruma za ta ja numfashi kafin ta ɗaga murya. To me suka zo nema?

Ɓangaren lissafi ba shi da wuyar ganewa. Gidan wasan Gershwin, inda ake yin Wicked, shi ne mafi girma a Broadway, amma kujerunsa ba su kai 2,000 ba. Sau 8 ake wasa a mako. Ko da kullum zai cika maƙil, abin da zai ɗauka a shekara bai wuce mutum 800,000 da 'yan kai ba, kuma matsakaicin tikiti a Broadway ya haura dala 100, ban da kuɗin jirgi da na masauki ga wanda ba ɗan gari ba. Shi kuwa fim ɗin, a kwana ukun farko kawai ya tara sama da dala miliyan 110 a Amurka da Kanada. In ka ƙaddara kowane tikiti dala 15 ne, mutum sama da miliyan 7 ke nan, adadin da sai gidan Gershwin ya shekara wajen 9 yana cika kafin ya gan shi. Da aka tattara na duniya baki ɗaya, kuɗin ya zarce dala miliyan 750, ya ture Mamma Mia! na 2008 da ya daɗe yana riƙe da kambun wannan nau'in da sama da miliyan 600. Ga miliyoyin mutanen da suka shekara da shekaru suna jin waƙoƙin a faifai ko a waya, fim ɗin ne karon farko da gani ya kori ji.

Su ma masu zuba jari suna da nasu dalilin. Wasan da ya yi shekaru a dandamali kaya ne da aka riga aka gwada a kasuwa. An rera waƙoƙinsa dare dubu a gaban mutane masu tari da hamma da tafi. Wadda ba ta kama ba tun kafin a buɗe wasan a babban birni aka yar da ita. Shi ya sa Jack Warner ya zube dala miliyan 5.5 don sayen haƙƙin My Fair Lady kaɗai, kuɗin da ba a taɓa jin an biya irinsa ba a lokacin. Kuma dangantakar ta girmi duk wannan. Ranar da fim ya fara buɗe baki, da waƙa ya buɗe shi: The Jazz Singer na 1927 daga wasan dandamali aka ɗauko shi, haka ma Alam Ara na 1931, fim mai magana na farko a Indiya, da waƙoƙinsa 7, daga wasan da ake yi a gidajen wasan Bombay ya fito.

Sai dai in da isar da wasa ga na nesa ne kawai manufar, ai da an girke kyamara a gaban dandamali an huta. An ma yi hakan. Kamfanin Disney ya biya dala miliyan 75 ya sayi wasan Hamilton da aka ɗauka a 2016 da 'yan wasansa na asali, ya sake shi ta intanet a watan Yulin 2020, ana tsakiyar kullen korona. Aiki ne mai kyau, amma adana wasa ne aka yi. A ganina, finafinan da suka rayu a wannan fanni su ne waɗanda suka yi ƙarfin halin cin amanar dandamalin da ya haife su: suka sauya wa waƙa muhalli, suka yar da wasu, suka fitar da labarin waje iska ta buge shi.

Babu misalin da ya kai The Sound of Music. A 1959 Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka kai shi Broadway: labarin Maria, budurwar da ke shirin zama 'yar zaman coci, aka tura ta renon yara bakwai na wani tsohon hafsan sojan ruwa a Ostiriya, daidai lokacin da 'yan Nazi ke shirin haɗiye ƙasar a 1938. A dandamali, duwatsun ƙasar zane ne a jikin ƙyalle. Da darakta Robert Wise ya zo yin fim ɗin da ya fito a 1965, sai ya fara da shiru. Kyamara na shawagi cikin gajimare daga jirgi mai saukar ungulu, ta ratsa ƙanƙarar kan tsaunuka, ta wuce tafkuna da hasumiyoyin coci, kiɗa na tasowa a hankali, har ta hango wani ɗan ɗigo a tsakiyar koren fili. Ɗigon na ƙara girma ya zama mace, ta buɗe hannuwa, ta juya, ta fara waƙa. Julie Andrews, wadda ta taka rawar Maria, ta sha ba da labarin yadda iskar farfelar jirgin ke maka ta da ƙasa duk lokacin da ya kewayo. Mai kallo bai ga wannan ba. Abin da ya gani shi ne waƙar da ta ce duwatsu na da rai, ga kuma duwatsun nan na gaske sun cika masa ido.

Marubucin fim ɗin, Ernest Lehman, bai ji nauyin taɓa aikin manya ba. Waƙar da Maria ke lissafa abubuwan da take so, a dandamali a ofishin shugabar coci ake yin ta. Shi kuwa ya ɗauke ta ya kai ta ɗakin kwana, a daren da ake tsawa, yara sun ruga sun cika mata gado don tsoro. Nan da nan waƙar ta samu aikin yi. Wadda take koya musu sautukan kiɗa kuma, maimakon a tsaya a falo, sai aka baza ta a birnin Salzburg: a kan keke, a keken doki, a bakin kogi, a kan matakalar lambun Mirabell, tufafin yaran na sauyawa daga baiti zuwa baiti. Cikin 'yan mintoci mai kallo ya ga makonni sun shuɗe, ya ga yaran da aka saba kira da usur kamar kurata sun koma yara. Dandamali ba zai iya wannan ba ko da nawa za a kashe. Fim ɗin ya ci lambar Oscar 5, ya kafa tarihin tara kuɗi fiye da duk wanda ya gabace shi, ya kuma ceto kamfanin Fox da fim ɗin Cleopatra ya kusa durƙusar da shi. (Tarihi dai bai ji daɗinsa ba. Iyalan Trapp na gaske, waɗanda labarin ya ginu a kansu, da za su bar ƙasar jirgin ƙasa suka hau suka nufi Italiya. Da sun bi tsaunin da fim ya nuna, da a Jamus za su faɗa, dab da gidan hutun Hitler. Mutanen Ostiriya kansu ba su taɓa ɗaukar fim ɗin da zafi ba, duk da cewa 'yan yawon buɗe ido na tururuwa Salzburg saboda shi.)

Kyamara tana ba da faɗi, tana kuma ba da kusanci, kuma ina ganin na biyun ya fi tsada. Wanda ke kujerar baya a gidan wasa ba ya ganin idon ɗan wasa. Dole ɗan wasan ya girmama komai: ya ware hannu, ya jefa murya har ta doki bangon ƙarshe. A fim kuwa rawar leɓe ta isa. Da Tom Hooper ya ɗauki Les Misérables a 2012, wasan da ya samo tushe daga littafin Victor Hugo na 1862 kuma ake yin sa a Landan tun 1985, sai ya karya al'adar da aka saba da ita ta a naɗi waƙa a situdiyo tukuna, sannan jarumi ya zo gaban kyamara yana motsa baki. Ya sa wa kowane ɗan wasa 'yar na'ura a kunne, mai kaɗa fiyano na gefe yana bin sa, shi ɗan wasan ne ke jan ragamar saurin waƙar. Sai daga baya aka ɗora cikakken kiɗa. Ya kuma matsar da shahararriyar waƙar Fantine gaba. A dandamali, tana rera ta ne jim kaɗan bayan an kore ta daga masana'anta. A fim sai bayan ta sayar da gashinta, ta sayar da haƙoranta, ta sayar da mutuncinta. Anne Hathaway, wadda a gaban kyamara aka sheƙe mata gashin kanta na gaske, ta rera waƙar a ɗauka guda ba yankewa, fuskarta ta cika allo, majina da hawaye da shessheƙa duk a fili. Masana murya za su gaya maka an yi mawaƙan da suka fi ta rera wannan waƙa a dandamali. Gaskiya ne. Amma babu wanda ya taɓa tsayawa taku ɗaya daga fuskarsu. Ta tafi gida da Oscar, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 440.

Matsalar ita ce, kyamarar da ke ba da wannan baiwa ita ce kuma babbar abokiyar gabar waƙa. A gidan wasa akwai yarjejeniyar da ba a rubuta ba. Kana ganin labule, kana ganin makaɗa a zaune cikin raminsu a gaban dandamali, ka san bangon nan katako ne. Tunda ka yarda da duk wannan, yarda da cewa mutum zai fashe da waƙa yana tsakiyar rigima da matarsa ba wani abu ba ne. Fim kuwa yana nuna maka titi na gaske da mota ta gaske da kwata ta gaske. Sai ga wasu 'yan daba sun taho suna kaɗa yatsu suna tsalle da ƙafa ɗaya, kamar yadda West Side Story na 1961 ya buɗe a titunan Niyok. A nan wani mai kallon ke ficewa, a zuciyarsa ko da ƙafarsa. Wannan fargaba ba ta bar masu fim na Amurka ba har yau, shi ya sa da za a saki Mean Girls a 2024 aka yanka tallarsa ta yadda da wuya ka gane fim ɗin waƙa ne, har wasu suka shiga silima suka yi ta gunaguni da aka fara rerawa.

Mai kallo a Kano ko Damagaram ba shi da wannan ciwon kai. Wanda ya taso yana ganin finafinan Indiya, ko a siliman Marhaba da Plaza a zamaninsu ko a talabijin, bai taɓa tambayar daga ina gangar ta fito ba sa'ad da saurayi da budurwa suka ɓulla a kan tsauni. Kannywood ta gaji abin, tun ba ma daga Sangaya na 1999 ba, wanda waƙarsa ta shiga gari ta riga labarinsa. Amma akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. A mafi yawan finafinanmu waƙa hutu ce: labari ya tsaya, a sauya kaya, a taka rawa, a dawo inda aka tsaya. Kana iya cire ta ba abin da zai ragu sai kasuwa. A al'adar Broadway kuwa, musamman tun daga Oklahoma! na 1943, cikin waƙar ake yanke shawara, cikinta ake tona asiri, mutumin da ya fara ta ba shi ne ke gama ta ba. Abin da ya fi kusa da wannan a wajenmu tatsuniya ce. Marainiyar da kishiyar uwa ta zalunta ba ta yin waƙa don nishaɗi. Sai magana ta gaza take rerawa, kuma waƙar ce ke sa sarki ko mafarauci ya ji abin da aka ɓoye.

Daraktocin da suka fi wayo sun nemi hanyar da za su ba waƙa hujja a gaban kyamara. Bob Fosse, a Cabaret na 1972, ya zubar da kusan duk waƙoƙin da ake yi a gida ko a titi, ya tsare sauran a cikin wani gidan rawa na birnin Berlin na 1931, inda waƙa sana'a ce, ba mai tambayar dalili. Guda ɗaya tak ya bari a waje, kuma ita ce ke hana barci. Rana tsaka ne, a wani lambun shan giya a ƙauye. Kyamara na kan fuskar wani yaro kyakkyawa mai farin gashi, yana rera waƙa mai sanyi game da daji da barewa da gobe. A hankali kyamarar ta sauko zuwa damtsensa, sai ga tambarin Nazi. Kiɗan ya fara ƙarfi, ya koma na fareti. 'Yan mata suka miƙe, samari suka miƙe, magidanta suka miƙe suna amshi, fuskoki sun murtuke. Wani tsoho ɗaya ne ya ci gaba da zama, yana sosa kai, ya rasa inda zai sa idonsa. Saukowar nan ta kyamara daga fuska zuwa damtse ita ce dukan darasin, kuma abu ne da sai fim. A shekarar da The Godfather ya ci fim mafi kyau, Fosse ne ya karɓe lambar darakta daga hannun daraktansa Coppola, Cabaret ya kwashi Oscar 8.

Bayan shekara 30 Rob Marshall ya bi wata dabarar a Chicago na 2002: mafi yawan waƙoƙin a cikin kan Roxie suke faruwa, matar da ta harbe farkanta kuma take mafarkin zama tauraruwa. Ana shari'a a kotu, ita tana ganin dandamali da fitilu. Ya ci fim mafi kyau, na farko a irin wannan nau'i tun Oliver! na 1968. Dabara ce mai kyau, ko da yake ina jin ƙanshin kunya a cikinta, kamar ana ba mai kallo haƙuri a kan abin da shi ya zo gani.

Sai maganar murya, inda Hollywood ta daɗe tana yin abin da mu muke yi, amma a ɓoye. Muryar Deborah Kerr a The King and I na 1956, da ta Natalie Wood a West Side Story, da mafi yawan ta Audrey Hepburn a My Fair Lady na 1964, duk ta mace ɗaya ce, Marni Nixon, wadda ba a rubuta sunanta a finafinan ba. Labarin My Fair Lady ya fi ban haushi. Julie Andrews ce ta yi rawar a dandamali tun 1956, amma Warner ya ce ba a san fuskarta a silima ba, ya ɗauki Hepburn. Andrews ta tafi ta yi Mary Poppins a wajen Disney, ta ci Oscar ta jaruma mafi kyau a wannan shekarar. Hepburn ko cikin jerin 'yan takara ba ta shiga ba. A Indiya babu wannan ɓoye-ɓoye: Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi sun fi jarumai da yawa da suka ari muryarsu suna. Haka a nan gida, yaro ƙarami ya san muryar Nura M. Inuwa ko ta Umar M. Shareef ce ke tashi alhali wani jarumin ne ke mamin, kuma ba wanda ya ce an cuce shi. Yau Hollywood ta koma ɗaya gefen, dole tauraro ya rera da bakinsa ko yana da murya ko ba shi da ita. Abin da ya haifar ke nan da Pierce Brosnan a Mamma Mia! da Russell Crowe a Les Misérables, manyan 'yan wasa biyu da aka yi ta yi wa dariya ba don laifinsu ba. Wicked ya tsira ne don ya ɗauki mawaƙan gaske: Ariana Grande, da Cynthia Erivo, haifaffiyar Landan da iyayenta 'yan Nijeriya ne, wadda ta riga ta ci lambar Tony a dandamali a 2016.

Nasara irin ta The Sound of Music takan ruɗi masu kuɗi. Kowane kamfani ya ruga ya sayi nasa wasan, aka narkar da dukiya a Hello, Dolly! da Paint Your Wagon, duka a 1969, na biyun har da sa Clint Eastwood waƙa. Matasan Amurka kuwa na kan titi suna zanga-zangar yaƙin Biyetnam, suna cika silima don kallon Easy Rider. Kiɗa ya sauya, masu rawa ba su ji ba. Ko ingancin aiki ma ba ya ba da tabbas: West Side Story da Steven Spielberg ya sake yi a 2021 ya gyara abin kunyar na farko, inda aka shafa wa 'yan wasa hoda mai duhu don su yi kama da mutanen Puerto Rico, masu sharhi suka yaba, Ariana DeBose ta ci Oscar a rawar da Rita Moreno ta ci da ita shekara 60 baya, amma bai mayar da kuɗinsa ba.

Faɗuwar da ta fi koyar da darasi ita ce ta Cats a 2019, kuma abin ban tausayi Tom Hooper ɗin nan ne ya yi shi. Tun 1981 ake yin wasan Andrew Lloyd Webber a dandamali, mutane sanye da matsattsun kaya da fenti a fuska suna cewa su kyanwoyi ne, jama'a suka yarda shekara da shekaru, domin rabin aikin a ƙwaƙwalwar mai kallo ake yin sa. Fim ɗin ya ce zai ɗauke wa mai kallo wannan wahala. Aka sa kwamfuta ta shuka wa taurari gashin kyanwa na gaske da kunnuwa masu motsi da jela, aka bar musu fuskar mutum da yatsun mutum. Abin da ya fito ba mutum ba, ba kyanwa ba. A wani wuri har hannun Judi Dench ake gani da zobenta. Bayan an saki fim ɗin kamfanin ya aika wa gidajen silima wani kwafi da aka yi wa gyara, abin da ba a saba ji ba. An kashe wajen dala miliyan 95, abin da ya dawo bai kai haka ba. Kwaɗayin nuna komai ne ya kashe shi, kuma alamar wannan kwaɗayi tana nan ko a Wicked: an shuka furen tulip miliyan 9 a Ingila don fage guda, kashi na farko ya ci minti 160 alhali rabin wasan kawai ya ɗauka, aka ajiye sauran sai Nuwamban 2025. Sun ce don a zurfafa labari ne. Ni dai na ga tikiti biyu a inda da ake sayar da ɗaya.

Akwai kuma abin da fim ba ya iya ɗaukowa ko da ya yi komai daidai. Wanda ya taɓa zama a gaban Mamman Shata yana waƙa ya san ba ɗaya ba ne da jin kaset ɗinsa: a fili yana iya hango wani ya shigo ya jefa sunansa cikin baiti, yana iya jan amshi in jama'a sun ɗauka, yana iya tuntuɓe ya gyara a gabanka. Kaset kuwa yadda aka naɗe shi haka zai mutu. To amma da ba don kaset ɗin ba, da waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa a 1999 ba su san muryarsa ba.

Wannan ciniki na asara da riba ya fi fitowa fili a Sarafina!, wanda a nahiyarmu ya fi duk waɗanda na ambata shiga gidaje. Mbongeni Ngema ne ya rubuta shi, da taimakon Hugh Masekela a wajen kiɗa, aka fara yin sa a gidan wasan Market da ke Johannesburg a 1987, ana tsakiyar dokar ta-ɓaci ta gwamnatin wariyar launin fata. Tushensa boren ɗaliban Soweto ne na 16 ga Yunin 1976, sa'ad da yara suka fito suna ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. A Janairun 1988 ya isa Broadway, aka yi shi kusan sau 600, Leleti Khumalo tana 'yar shekara goma sha wani abu ta shiga takarar Tony. A wancan lokaci wasan makami ne. Yaran da ke kan dandamali daga cikin unguwannin baƙar fatan suka fito, kuma a ƙarshen wasan suna kwaikwayon ranar da za a saki Nelson Mandela, mutumin da a daren da suke rerawa yana kulle a kurkuku, ba wanda ya san ko zai fito da rai.

Kafin fim ɗin Darrell Roodt ya fito a 1992, Mandela ya shekara biyu a waje. Mafarkin da ke riƙe da wasan ya riga ya zama labaran jiya. Sai fim ɗin ya nemi ƙarfinsa a wani wurin, a abin da kyamara ta fi iyawa. Aka ɗauke shi a Soweto ɗin kanta, da ƙurarta da rufin kwanonta da motocin sulke na sojoji. Aka kawo Whoopi Goldberg a matsayin malamar tarihi da ke koyar da abin da babu a manhaja, don a samu shiga kasuwar Amurka. Aka ba Miriam Makeba rawar uwar Sarafina, 'yar aiki a gidan Turawa, mai renon 'ya'yan wasu ta bar nata, wadda 'yarta ke yi wa kallon matsoraciya har sai da ita ma ta ɗanɗani ɗakin azabtarwa. Aka kuma nuna abin da ba ya yi wa masu gwagwarmaya daɗi: ɗalibai sun kama ɗan sanda baƙar fata mai yi wa gwamnati aiki, rawar da Ngema da kansa ya taka, sun tula masa fetur sun cinna masa wuta.

Wasu masu sharhi a Amurka sun ce abin bai haɗu ba, wai yaya za a tashi daga rawar ɗalibai a filin makaranta a faɗa ɗakin da ake jona wa yarinya lantarki. Ina ganin sun auna shi da mudun da ba nasa ba. A Afirka ta Kudu ta wancan zamani da waƙa ake zanga-zanga, da waƙa ake raka gawa maƙabarta, da rawar toyi-toyi ake tunkarar bindiga. Tambayar da ta sa Fosse ya ɓoye waƙa a gidan rawa, ta sa Marshall ya ɓoye ta a cikin kan Roxie, ba ta taso ba a Soweto, domin ɗaliban gaske ma da suka fito ranar 16 ga Yuni suna tafe ne suna rerawa. Ranar ce Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta mayar Ranar Yaran Afirka tun 1991, kuma da yawa daga cikin yaran makarantun Nijeriya da ke saka farar riga da baƙar hula suna taka rawar Sarafina a bikin ƙarshen zango, daga kaset ɗin bidiyo da talabijin iyayensu da malamansu suka san labarin, ba daga littafin tarihi ba, ba kuma daga gidan wasan Market ba.